Lissafin Batir da Ranar da Baba Ya Fita

Shekarar da aka kore mana shanun noma, shekarata biyu ke nan da komawa gidan Baba. Maigidana ya rasu, 'yata tilo tana ɗakin mijinta, ni kuma aka yi mini canjin wurin aiki zuwa ƙaramar sakandaren 'yan mata da ke kusa da ƙauyenmu a gefen Makoda, inda nake koyar da lissafi. Gidanmu irin na da ne: zaure, turken dabbobi daga hannun dama, sashen yayana da iyalinsa, sannan namu ni da Inna da Baba. Bayan katanga kuwa gona ce ta kowane ɓangare. A wajenmu babu daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, sai 'yar iyakar lalle ko bini-da-zugu a tsakani.

Lokacin rayuwa ta yi tsanani. Mai ya yi tsadar da janareta ya zama kayan ado, taransifomar garin ta ƙone an bar mu da falwayoyi da wayoyi babu komai a cikinsu, kuma sata ta yawaita har mutum ba ya iya barin ko galma a gona. Da aka fasa katangar turke aka fitar da bijimai biyun da Yaya yake huɗa da su, ya yi kwana uku ba ya cin abincin kirki. A na huɗu ya hau babur ya tafi Bici, ya dawo da wani mutum mai haɗa kyamara.

Mutumin ya yi aikinsa da tsafta. Ya kafa kyamara huɗu: ɗaya a ƙofar zaure, ɗaya a turke, biyu a kusurwoyin katangar baya. Ya ajiye akwatin da ke naɗar hoton a ɗakin ajiya, ya haɗa shi da talabijin, ya ɗora farantin sola guda a kan kwano, ya kawo inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, da batir ɗaya matsakaici. Yaya ya tambaye shi ko batirin zai kai safiya, ya ce har da saura. Ni ina tsaye daga bakin ƙofa ina kallo, ba a tambaye ni ba, kuma gaskiya a ranar ban san komai a kan kayan ba.

Ba a yi wata biyu ba aka ɗauke injin ban ruwan da Yaya yake jinginewa a bayan turke. Da safe muka taru gaban talabijin, kowa yana cewa yau dai za a ga fuskar ɓarawo. Aka mayar da hoton baya. Ga magariba, ga isha, ga awaki suna kwanciya. Daga nan sai baƙi ƙirin. Hoton bai dawo ba sai da rana ta hau kan kwano, lokacin injin ya daɗe da barin gidan.

Yaya ya fusata, ya ce zai je ya kwance kayan ya mayar wa mai su. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ga cewa na'urar ba ta lalace ba, wuta ce ta ƙare mata, kuma ƙarewar wuta abu ne da ake iya lissafawa tun kafin ya faru. Na roƙe shi ya ba ni mako guda.

Na ari 'yar mitar awon wuta a wajen malamin kimiyya na makarantarmu, ya nuna mini yadda ake ɗora ta. Na bi kayan ɗaya bayan ɗaya ina karanta rubutun da ke jikinsu, ina rubutawa a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Kyamarorin nan huɗu da akwatin naɗar hoto, idan duhu ya yi suka kunna jan idonsu na gani cikin dare, suna shan kusan wat hamsin gaba ɗaya. Wannan ba shi da yawa. Amma sai na tarar inbatar ita kanta tana shan rabin wannan ko ba ta aikin komai, talabijin ɗin da ake bari a kunne yana shan nasa, sannan ga soket ɗin da aka ja zuwa zaure. Tun da aka ji gidanmu akwai sola, babu yammacin da ba za ka ƙirga waya goma a jikin soket ɗin nan ba, wasu na gida, wasu na maƙwabta. Da na tara duka na raba da abin da batirin zai iya bayarwa, amsar ta fito awa biyar da 'yan mintuna. Na je na duba lokacin da hoton ya ɗauke a daren satar, ya yi daidai da lissafina kusan ba kuskure. Na daɗe ban ji daɗin wata amsa kamar wannan ba, duk da ba amsar alheri ba ce.

Tambayar da ta rage ita ce ta kwana nawa. Dare ɗaya ba shi ne matsala ba, tunda rana za ta fito ta mayar da abin da aka sha. Matsalar ita ce damina, lokacin marka, da gari kan lulluɓe a yi ta yayyafi ba a ga rana ba. Na tambayi Yaya ya ce bai taɓa ƙirgawa ba. Inna ta ce ita dai ta san wankinta kan yi tsami a kan igiya. Sai na je wajen Baba.

A lokacin Baba ya fara ruɗewa. Ya haura tamanin, ƙarfin jikinsa bai gaza ba, amma yakan tambayi abincin rana bayan ya gama ci, wani lokaci ya kira ni da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ina goye. Abin da ya faru jiya ba ya riƙe shi, amma na shekara hamsin baya yana nan daram. Na same shi a zaure kan buzunsa na durƙusa na gaishe shi, na tambaye shi kwana nawa marka kan yi ba a ga rana ba.

Ya dubi ƙofa, sannan ya ce, "Biyu ba a ma faɗa. Uku kuwa duk 'yan shekaru sai an yi. Na taɓa ganin biyar, amma sau ɗaya, ina saurayi."

Na ɗauki uku. Wat hamsin sau awa ashirin da huɗu, dubu ɗaya da ɗari biyu ke nan a wuni da kwana. Babban batir irin wanda ake sayarwa a Kano yana ɗaukar ninki biyu na wannan, sai dai malamin kimiyya ya gargaɗe ni cewa ba a shanye irinsa har ƙasa, rabi ake sha a bar rabi, in ba haka ba ba zai yi shekara ba ya mutu. Ke nan kowane babban batir kwana ɗaya ne. Kwana uku, batir uku. Na ƙara na huɗu saboda zafin ɗakin da kuma tsufan da batir kan yi, yana raguwa ba tare da an lura ba. Sannan faranti ɗaya ba zai cika huɗu ba, sai an ƙara biyu.

Da na kai wa Yaya takardar ya juya ta gaba da baya, ya ce shi bai ga komai ba sai lambobi. Na yi masa misali da randar da ke tsakar gida, wadda Inna ba ta yarda a kwashe ta har gindi, na ce kowane batir randa ce irin wannan, kyamarori kuma masu sha ne da ba sa hutawa dare da rana. Ya gane. Abin da bai yi masa daɗi ba shi ne yawan kayan, ga shi bai gama farfaɗowa daga asarar shanu ba. Ya ce a kira mai kyamara a ji ta bakinsa.

Mutumin ya zo ranar Asabar. Ya fara yi wa Yaya bayani, Yaya ya nuna masa ni ya ce da ni zai yi magana. Ya karɓi takardar yana ɗan murmushi.

"Malama, ai rana ba ta yi mana rowa a ƙasar nan," in ji shi. "Duk gidajen da na yi wa aiki babu wanda ya nemi kwana uku."

Na ce masa su ma wataƙila ba su taɓa mayar da hoton baya a watan Agusta ba ne. Bai ji haushi ba. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ajiya ya fito da wayarsa ya bi lissafin layi-layi, ya daɗe, sannan ya ce bai ga inda na kuskure ba. Har ya ƙara mini da abin da ban sani ba. Ya ce kyamarorin da akwatin duk irin wutar batir suke sha, don haka babu dalilin bi da su ta inbata, za a iya haɗa su kai tsaye a huta da ɓarnarta. Talabijin kuma a cire shi, zai samo ɗan ƙaramin allo mai aiki da batir, wanda ba za a kunna ba sai ana son dubawa. Tun daga ranar na riƙa ganin girmansa.

Ba a lokaci ɗaya aka sayi kayan ba. An kawo batir biyu a lokacin, sauran biyun da farantan sai bayan an cire gyaɗa. Aka jera su a kan katako a ɗakin ajiya, aka huda 'yar taga sama don iska, aka sa kwaɗo, mabuɗi yana hannuna. Tsohon batirin da tsohon farantin aka bar wa zaure, a yi cajin waya da kunna ƙwai ɗaya. Wannan rabuwar ita ta fi jawo mini surutu. Maƙwabta suka ce malamar lissafi ta kulle wuta a ɗaki tana ba gumaka, mutane kuma suna zaune da matattun wayoyi. Inna ma ta taɓa roƙona in ja mata wayar wuta ɗaya tak don fanka lokacin bazara. Na ƙi, na saya mata mai caji, ta karɓa tana ƙunƙuni.

Rani ya wuce, bazara ta wuce, ba a sake taɓa mana ko tsinke ba. Kyamarorin suka yi ta naɗar awaki da kaji da masu tallan nono. Ni kaina na fara tunanin ko na yi zarɓaɓi. Duk ranar Juma'a nakan buɗe ɗakin in ɗora mita, in ga baturan cike, in kulle in fito.

Daminar ta yi kyau. Zuwa tsakiyar Agusta gero ya fi tsayin mutum a kan doki, dawa tana biye, hanyoyin cikin gona suka zama kamar lunguna, mutum zai wuce ka da taku goma ba ka gan shi ba. Sai marka ta sauka. Ranar farko ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta biyu yayyafi ba tsayawa, gari ya yi fari fat babu ko alamar inda rana take. A yammacin rana ta biyu batirin zaure ya mutu, wayoyin unguwa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta uku ranar kasuwa ce, Yaya ya sa rigar ruwa ya fita da sassafe da buhunan da ya yi wa wani alkawari. Makaranta ana hutu, ina gida. Baba ya karya da koko da ƙosai, ya ɗauki buzunsa ya tafi zaure kamar kullum. Ni na shiga ɗaki ina gyara kayan da danshi ya kama, Inna tana madafa tana fama da ɗanyen itace. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta dama fura ta kai masa. Na jiyo ta tana kiransa, sannan ta kira ni, da wata irin murya ƙasa-ƙasa da ban san ta da ita ba.

Buzun yana shimfiɗe, carbinsa yana kai, takalmansa babu. Na duba bayi, na duba turke, na shiga sashen Yaya, na leƙa masallaci. Babu wanda ya gan shi. Saboda yayyafin kowa yana cikin ɗaki, ko masu zaman dakalin ƙofar gida ba su fito ba.

Kafin wani lokaci ƙofar gidanmu ta cika. Babu wanda ya fito fili ya faɗi abin da yake tsoro, amma na san abubuwa biyu ne a ran kowa. Na farko kududdufin yamma da gari, wanda ya cika ya batse har ya shafe bakin hanya. Na biyu masu zuwa a kan babura, waɗanda a shekarun nan muke jin sun ɗauki dattijo a wancan gari, sun ɗauki mai unguwa a wancan. Liman ya raba maza, mafi yawa suka nufi kududdufi da dogayen gorori, sauran suka bi hanyar titi suna tambaya. Duka yamma suka yi, domin can ne gari, can ne kasuwa, can ne duk inda Baba ya saba zuwa.

Ina tsaye a tsakar gida ruwa yana sauka a kaina, sai na tuna da mabuɗin da ke ɗaure a bakin zanina. Abin kunya ne, amma an yi kusan rabin awa ana neman Baba ban tuna da kyamara ba. A raina na ajiye ta a matsayin maganin ɓarayi kawai.

Na ruga ɗakin ajiya na buɗe kwaɗon. Ɗakin duhu, yana warin danshi. Abin da na fara nema shi ne 'yar koriyar fitilar da ke goshin akwatin, na gan ta tana ƙyaftawa. Na kunna ɗan allon, hotuna huɗu suka bayyana, ga mutane a ƙofar zaure, ga ruwa yana ɗiga daga indararo. Na ce alhamdu lillahi a fili. Inna ta shigo ta tsaya a bayana, ita da ba ta taɓa taka ɗakin ba tun da aka kulle shi.

Na mayar da hoton ƙofar zaure baya a hankali. Goma da rabi babu kowa. Goma, akuya ta raɓe a jikin bango. Tara da rabi babu kowa. Tara da minti ashirin, sai ga Baba ya fito, da hularsa, ya naɗe ƙafar wando, fartanya a saɓe a kafaɗa. Shi kaɗai ne. Babu babur, babu wanda ya riƙe shi. Ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi sama, kamar yadda yakan yi ina yarinya idan zai fita gona, sannan ya juya hagu, wato gabas. Na koma kyamarar kusurwar baya, ga shi ya bi jikin katanga yana tafiya da ƙarfi, ba irin jan ƙafar da muka saba gani ba, ya shiga wata siririyar hanya tsakanin gero biyu, ganye ya rufe bayansa.

Inna ta dafa kafaɗata. "Tsohuwar gona ya tafi," ta ce. "Ta bakin fadama."

Ni na manta ma da ita. Gonar da Baba ya gada ce a wajen mahaifinsa, ya sayar da ita tun ina firamare, shekarar da ciwo ya kwantar da kakarmu. Tafiyar kusan rabin awa ce ta cikin gonaki.

Wayata ta mutu tun daren jiya. Na dubi baturan nan da na hana kowa taɓawa wata da watanni, na ciro wayar cajin mota da mai kyamara ya bari a ɗakin, na maƙala ta da hannuna. Inna tana kallona. Da wayar ta farfaɗo na kira Yaya, Allah ya sa tasa da sauran caji, labari ya riga ya iske shi yana kan hanya. Na gaya masa gabas, tsohuwar gona. Na fito na shaida wa liman ya aika a dawo da mutanen kududdufi, ni kuma na zura hijabi na ɗauki lema na shiga hanyar, ban jira kowa ba.

Ban taɓa jin tsawon hanya kamar ta ranar ba. Laka tana riƙe takalmi, ganyen gero yana zuba mini ruwa a fuska, lemar ma ba ta buɗuwa saboda ƙuncin wurin, na naɗe ta na riƙa dogarawa. Nan da can nakan ga sawun takalmi ruwa ya cika shi. Akwai tsofaffin rijiyoyin lambu ta wajen fadama, wasu ba su da murfi, na yi ta ƙoƙarin kada in yi tunaninsu. Ban kai rabi ba na ji haki a bayana, Yaya ne, ya yar da babur a ƙofar gida ya biyo ni da gudu. Muka ci gaba tare.

Inda geron ya ƙare fili ya buɗe, gonar gyaɗa ce shimfiɗe har bakin fadama. A tsakiyarta mutum biyu suna sunkuye. Ɗaya Baba ne, an lulluɓa masa buhu a kai da kafaɗa. Ɗayan mai gonar ne na yanzu, ɗan mutumin da Baba ya sayar wa, magidanci sa'an Yaya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Suna tafe kunya da kunya suna cire ciyawa.

Na tsuguna a kan iyaka. Yaya ya ƙarasa. Baba ya ɗago ya dube shi sama da ƙasa.

"Sai yanzu?" ya ce. "Dubi yadda kuka bar ciyawa ta cinye gyaɗar nan."

Yaya ya ce, "A yi haƙuri, Baba. Kasuwa na je."

Mai gonar ya ja ni gefe ya ba ni labari. Ya zo duba ko ruwa ya kwanta masa a gyaɗa, ya tarar da tsoho yana aiki. Ya gane shi, ya gaishe shi, ya yi ta lallashinsa su tafi gida, Baba ya ce ba inda za shi sai ya kai ƙarshen kunya, har ya tambaye shi ɗan gidan wa ne da bai san ana taya manya aiki ba. Wayarsa babu caji, babu kowa kusa da zai aika, kuma ya ji tsoron idan ya tafi kiran mutane tsohon zai gangara fadama. Sai ya cire buhun da ya rufa da shi ya rufa masa, ya sunkuya suka kama aiki tare, yana ta addu'ar Allah ya kawo wani. Ya ce sun fi awa ɗaya a haka. Na yi masa godiya ina hawaye.

Baba bai yarda ya tashi ba sai da Yaya ya karɓi fartanyar ya ƙarasa kunyar a gabansa. Sannan ya miƙe ya ce yunwa yake ji. A hanya ƙarfin nan da na gani a hoto ya tafi, ya fara rawar sanyi, Yaya ya goya shi. Muka ci karo da mutanen gari sun taho cikin geron a jere, liman a gaba, wasu har da gororinsu a hannu. Da suka ga Baba a bayan Yaya yana yi musu faɗan sun tattake wa mutane shuka, aka yi ta hamdala, wasu suna dariya suna share ido.

Inna ta riga ta dafa ruwa. Aka gasa masa jiki, aka sa masa busassun kaya, ya shanye furar da aka dama tun hantsi, ya kwanta ya yi barci har la'asar. Ya yi zazzaɓi na kwana biyu, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya zo ya duba shi ya ba shi magani, ya warware. Bai tuna ya fita ba. Da aka ba shi labari ya ce ƙarya ake yi masa.

Rana ba ta fito ba sai washegari bayan azahar. Kafin ta fito na shiga na ɗora mita, na tarar baturan sun sauka har dab da rabin da ba a so a wuce, amma ba su wuce ba. Na zauna a kan wani buhun dawa a ɗakin na daɗe, ban yin komai, ina jin jikina yana saki kaɗan-kaɗan kamar wadda ta sauke kaya. Yaya ya leƙo ya same ni a haka. Ya tambaya ko da saura, na ce da saura. Ya gyaɗa kai, ya ce idan an cire amfanin gona yana so in yi masa lissafin wani batirin na zaure, don kada wayoyin unguwa su sake mutuwa gaba ɗaya irin haka. Na ce to.

Bayan kwana kamar goma mai gonar ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce ya yi shawara da 'yan'uwansa, sun ware kunya uku daga gefen hanya sun bar wa Baba, duk ranar da ransa ya so a kai shi. Yaya ya so ya ƙi don kunya, Inna ta aiko daga ciki cewa a karɓa. Daga nan duk safiyar da gari ya yi kyau Yaya yakan ɗora shi a babur su zagaya ta babbar hanya, ya sauke shi, ya zauna a gindin ɗorawa yana jira. Baba ya yi 'yan mintuna yana cire ciyawa, ya gaji, su dawo. A ranakun da aka kai shi yakan ci abinci sosai, ya yi barci, ba ya neman ƙofa.

Da aka cire gyaɗa mai gonar ya kawo ta kunya ukun nan a cikin kwando, da ƙasarta da komai. Inna ta dafa rabi da gishiri. Muka zauna a tsakar gida da yamma muna ɓarewa, Baba ya ɗauki ɗaya ya matsa ta a tsakanin yatsu ya duba ƙwayar, ya ce ba laifi, amma an yi saurin cirewa, da an ƙara mata mako guda.